Tambaya da Amsa: Yaya Ake Bambance Jiragen Yaƙin da ke Tashi Daga Doron Jirgin Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Tun da Amurka ta fara kai wa 'yan Houthi hari a ƙasar Yaman a watan Janairun 2024 nake yawan ganin hotunan jiragen yaƙi suna tashi daga doron jirgin ruwa a Bahar Maliya. Wani ya rubuta Hornet, wani Super Hornet, wani kuma Growler, ni kuwa duk iri ɗaya nake ganin su. Shin sunaye ne kawai suka bambanta, ko akwai abin da mutum zai duba ya gane? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sunaye kaɗai suka bambanta ba, kuma ba laifinka ba ne da suka rikita ka, domin dukkan ukun zuriya ɗaya ne, sai dai kama da wane ba ta wane. Shawarata ita ce ka kawar da ido daga fenti da rubutun da aka yi a ƙarƙashin hoto, domin fenti ana sauya shi, mai rubutun kuma yakan yi kuskure, ka mai da hankali kan ƙirar jikin jirgin, wadda aikin da aka ƙera shi dominsa ne ya tilasta ta.

Asalin gidan shi ne F/A-18 Hornet na kamfanin McDonnell Douglas, wanda ya fara tashi a 1978, ya shiga aiki a 1983. Super Hornet ya fara tashi a 1995, kuma ko da yake ya gaji suna da kamanni, kusan sabon jirgi ne: tsawonsa ya kai mita 18.3, na tsohon kuwa mita 17.1 ne, kuma sabon yana da wurin rataya makamai da tankunan mai 11 inda tsohon yake da 9. Sai dai girma ba ya taimakon mai duba hoto, tunda ba kasafai ake samun su gefe da gefe ba. Abin da ba ya yaudara shi ne bakin da injin yake shaƙar iska ta cikinsa, a gefen jiki ƙarƙashin tushen fiffike. A tsohon Hornet bakin zagayayye ne, ƙarami. A Super Hornet kuwa babba ne, mai kusurwa huɗu, an yanke shi a karkace da kaifin gefe, domin injinansa sun fi buƙatar iska, kuma ƙirar tana rage yadda na'urar radar take hango jirgin daga gaba. Idan hoton daga sama aka ɗauke shi, duba gefen gaba na fiffiken Super Hornet, za ka ga wani tsini kamar haƙori daidai inda fiffiken yake naɗewa.

Bayan ka tantance wannan, sai ka ƙirga kujeru. A tsohon, samfurin A da C matuƙi ɗaya suke ɗauka, B da D mutum biyu. A sabon, E mai kujera ɗaya ne, F mai kujera biyu, kuma murfin gilashin F ya fi tsawo sosai zuwa baya. Tsakanin A da C kuwa bambancin da ke waje bai wuce 'yan ƙananan kumburin eriya a hanci da bayan gilashi ba, saboda haka a ra'ayina wanda ya ce “tsohon Hornet mai kujera ɗaya” ya tsaya nan ya fi gaskiya a kan wanda ya yi shaci-faɗi.

Growler, wato EA-18G, shi ne ya fi rikita mutane, domin jikin samfurin F aka ɗauka aka yi shi, da kujeru biyu da komai. Babban aikinsa ba jefa bama-bamai ba ne, aikinsa toshe radar da hanyoyin sadarwar abokan gaba, kuma ya shiga aiki a 2009 ya maye gurbin EA-6B Prowler. Duba ƙarshen fukafukansa. Super Hornet yana da siririn ƙarfe a can, inda ake maƙala makami mai linzami; Growler kuwa wasu kaurarar na'urori ne a wurin, masu 'yan ƙananan fukafukai, da su yake sauraron sigina. A ƙarƙashin fiffike kuma sau da yawa za ka ga dogayen na'urorin toshe sigina samfurin ALQ-99, kowacce da 'yar ƙaramar farfela a hancinta, wadda iska ke juyawa ta samar mata da wutar lantarki. Ba shi da bindigar da ke hancin Super Hornet, an cika gurbinta da na'urori.

Lambar da ke hanci ma tana magana. A al'adar sojojin ruwan Amurka, jiragen farmaki sukan ɗauki lambobi daga jerin 100 zuwa na 400, Growler kuma jerin 500. Game da hotunan da ka gani, jirgin ruwan USS Dwight D. Eisenhower ne yake yankin a lokacin, kuma sojojin ruwan sun riga sun janye tsohon Hornet daga rundunoninsu na fagen daga tun 2019, sai dakarun Marine, wata runduna ta daban a sojojin Amurka, su ne suka ci gaba da amfani da shi. Ke nan abin da ka gani Super Hornet ne ko Growler.

Tambaya: Malam, na ji an ce duk jirgin da ke da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiya na sojojin ruwa ne. Haka ne? Kuma wane F-35 ne yake sauka a kan jirgin ruwa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, maganar ba ta cika ba. Jiragen sojojin sama irin su F-15 da F-16 ma suna da ƙugiya, amma siririya ce, ta gaggawa, don ranar da birki ya ƙi a filin jirgi. Ta jirgin ruwa kakkaura ce, domin a kowace sauka sai ta kamo ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfen da aka shimfiɗa a doron jirgin, ta tsayar da shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shaidar da ta fi ƙarfi tana ƙafar gaba: tayoyi biyu a jere, da ƙarfe mai kauri, da wani sanda da ke miƙewa gaba, wanda ake sarƙafawa a na'urar da ke cilla jirgin sama. Ko wannan ma ba ya nuna inda jirgin yake aiki, domin Kanada da Finland da Switzerland duk suna da Hornet alhali ba su da jirgin ruwan da zai ɗauke shi.

F-35, jirgin yaƙi ƙirar Amurka, kashi uku ne. Samfurin A na filin jirgi ne kawai. Samfurin C shi ne na cillawa da ƙugiya, kuma ana gane shi da faɗin fukafukai, kimanin mita 13, inda sauran biyun suke da mita 10.7, ga ƙarshen fukafukan suna naɗewa sama, ga tayoyi biyu a gaba. Samfurin B taya ɗaya gare shi a gaba, ba shi da ƙugiya, domin a tsaye yake sauka; a bayan matuƙi akwai ɗan doro inda aka ɓoye babbar fanka mai ɗaga shi, kuma lokacin tashi da sauka za ki ga murfinta a buɗe, ya miƙe sama. Shi ne ke kan jiragen ruwan HMS Queen Elizabeth na Birtaniya da Cavour na Italiya.

Wannan ma'auni yana aiki har a wajen Amurka. Rafale M na Faransa, wanda ke tashi daga jirgin ruwan Charles de Gaulle, ƙafarsa ta gaba ta fi ta ɗan'uwansa na sojojin sama tsawo da kauri, har hancinsa yakan ɗan ɗaga, kuma fukafukansa ba sa naɗewa. Su-33 na Rasha kuwa ana raba shi da Su-27 ta wasu ƙananan fukafukai da aka ƙara a gaban manyan, da tayoyi biyu a gaba, kuma irin wannan ƙira ce za ki gani a J-15 na ƙasar Sin.