Yadda fengwin ke ƙyanƙyasa a kan ƙanƙara

Malam, ka tambaya yadda tsuntsun fengwin ke ƙyanƙyashe ƙwai a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, alhali ko tsinken yin sheƙa babu. Ai babban nau'insu, wanda ake kira emfera, ba ya yin sheƙa kwata-kwata.

Macen kan saka ƙwai ɗaya tal a watan Mayu ko Yuni, lokacin hunturunsu ke nan, ta miƙa wa namijin, ta nufi teku neman abinci. Shi kuwa sai ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da fatar cikinsa, ya tsaya haka kwana wajen 65. Ƙwan ya daɗe kaɗan a kan ƙanƙara, shi ke nan ya lalace.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mazan ke haɗa kai. Sanyi na kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, sai su cunkushe wuri guda, suna matsawa sannu-sannu, na gefe ya samu shiga tsakiya ya ji ɗumi. Kusan wata huɗu ba ci, har su rame sosai.

Damuwata yanzu ɗumamar yanayi ce. A 2022 ƙanƙarar da suke ƙyanƙyasa a kai a tekun Bellingshausen da ke gefen Antaktika ta farfashe da wuri, 'yan tsaki da yawa suka halaka tun gashin da zai kare su daga ruwa bai fito ba.