An ce matsalar zuciyarta ta shafi kalsiyam, in saya mata maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maiɗakina ta haihu wata uku da suka wuce. Bayan suna ta fara haki da kumburin ƙafa, a asibiti aka ce zuciyarta ta yi rauni, wani lokaci kuma bugunta yana sarƙewa. Na ji likitan yana yi wa ɗalibai bayanin lantarki da kalsiyam a cikin zuciya. Shin kalsiyam ne ya yi mata ƙaranci? In sayo mata maganinsa a kemis?
Daga wani magidanci, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Kada ka sayo maganin. Ko an auna jininta, mai yiwuwa a tarar kalsiyam ɗinta daidai yake. Matsalar tana ga yadda ƙwayoyin halittar tsokar zuciya suke sarrafa shi.

Kowane bugu lantarki ne ke tayar da shi. Daga wani ɗan gurbi a saman zuciya ta dama yake tasowa, sau 60 zuwa 100 a minti, ya bazu. Idan ya iso ga ƙwayar halitta sai sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya kutsa ciki, ƙofofin kalsiyam su buɗe. A wajen ƙwayar kalsiyam ya ninka na ciki kusan sau 10,000, amma ɗan kaɗan ne yake shiga. Wannan kaɗan ɗin shi ke buɗe wani rumbu da ke cikin ƙwayar, inda aka tara kalsiyam mai yawa. Da ya kwararo sai zaruruwan tsoka su ja juna, zuciya ta matse, jini ya fita. Tun 1883 wani likita mai suna Sydney Ringer ya gano a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugu a ruwan da babu kalsiyam.

Abin da aka fi mantawa shi ne kwashewa. Kafin zuciya ta saki ta sake cika da jini, dole a janye kalsiyam ɗin nan. Wani famfo mai suna SERCA2a yana mayar da kusan kashi 70 cikin 100 cikin rumbu, yawancin sauran kuma ana fitar da su waje ta hanyar musaya da sodiyam. Duk wannan ana gamawa cikin ƙasa da sakan ɗaya.

A zuciyar da ta gaza, famfon ya yi sanyi, ƙofar rumbun tana yoyo, ita kuwa hanyar fitarwa waje ta ƙara ƙarfi. Rumbu bai cika ba, saboda haka matsewar ba ta da ƙarfi. Kwashewa ta yi jinkiri, saboda haka sakin ma ba ya cika, jini ya taru a baya, ruwa ya sauka a huhu da ƙafa. Hakin da kake gani ke nan. Ƙarin kalsiyam ta baki ba ya gyara famfo, ba ya toshe yoyo.

Sarƙewar bugun ma daga nan take, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Duk lokacin da aka fitar da kalsiyam ɗaya, sodiyam uku ke shiga, wato an ƙara wa ƙwayar caji. Idan rumbu ya yi yoyo a lokacin hutu, wannan cajin yana iya tayar da bugu ba a kan kari ba. Ga shi kuma ƙofofin fotasiyam (wani gishirin jini), waɗanda ke mayar da ƙwayar ga hutunta, sun ragu, sai lantarkin kowane bugu ya daɗe bai lafa ba. Bugu ɗaya ko biyu na kuskure majinyaci zai ji kamar faɗuwar gaba. Idan suka jeru, ana iya suma, ana iya rasa rai farat ɗaya.

Shi ya sa magungunanta suke yadda suke. Irin su bisoprolol da karbedilol suna rage matsin da sinadarin adiranalin ke yi wa zuciya, sannu a hankali sarrafa kalsiyam ya gyaru. Watanni suke ɗauka, kada a daina don ba a ga sauyi a mako biyu ba. Digoksin kuwa yana ƙara kalsiyam a cikin ƙwayar, amma tazarar amfaninsa da gubarsa ƙarama ce. Lasix, maganin rage ruwan jiki, yana zubar da fotasiyam tare da fitsari, ƙarancin fotasiyam kuma yana tsananta gubar digoksin. A zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, da zufa, balle a haɗu da amai ko zawo, wannan yana faruwa da sauri. Ku riƙa yin gwajin gishirin jini duk lokacin da aka rubuta, maganar azumi kuma a yi ta da likitanta tun kafin watan ya kama.

Wannan ciwo na bayan haihuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarinsa a Zariya tun shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sun yi rubutu a kansa. Na san iyaye da kyakkyawar niyya suke dama wa mai jego kunun kanwa, amma kanwa cike take da sodiyam, tana riƙe ruwa a jiki. Ka lallashi su Inna a dakatar da kanwar, da wankan ruwa mai tsananin zafi, a rage gishiri da dunƙulen miya.

Mata da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa idan aka dage da magani. A sake hoton zuciya bayan wata 6, kuma kada ta ɗauki wani cikin sai likitan zuciya ya duba ya amince. In ta suma, ko bugun ya yi sauri ya ƙi lafawa, ko ta kasa kwanciya saboda haki, a kai ta asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.