Asalin sunayen hanji a Turancin likitoci

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa sunayen hanji a littattafan likitanci ba sa kama da Turanci. Ai yawancinsu Latin ne. Duodenum daga "goma sha biyu" take, don likitocin zamanin da sun auna farkon ƙaramin hanji da faɗin yatsu 12. Wadda ta fi burge ni ita ce jejunum, sunan sashen tsakiya na ƙaramin hanji, wato "mai azumi". In sun feɗe gawa, galibi sai su tarar da wannan sashen wayam, ba ko loma. Bowel kuwa, wato hanji, ta Faransanci ta biyo, asalinta kalmar Latin botellus, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Gut ce 'yar gida, tun tsohon Turanci ana cewa guttas.