Me Ya Sa Sai Man Fulorin?

Tambaya: Malam, a ɗakin bincikenmu muna kulle ƙwayoyin halitta cikin ƙananan ɗigon ruwa da ke yawo a mai. An ce lallai sai man fulorin, wato man da ke ɗauke da sinadarin fulorin, ga shi da tsada. Man silikon ba zai yi ba? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, ni ma na taɓa wannan tsimin, kuma ban ji da daɗi ba. Man silikon yana ratsa robar PDMS da ake ƙera ƙananan hanyoyin da ɗigon ke bi da ita, ta kumbura, hanyar da ba ta wuce kaurin gashi ba ta matse, girman ɗigon ya rikice. Mayukan fulorin irin su HFE-7500 da FC-40 ba su cika yin haka ba. Suna kuma riƙe iskar oksijin sosai, ƙwayoyin ba sa shaƙewa.

Amma man kaɗai ba ya hana ɗigon haɗewa, sai kin sa sinadarin da ke tsare fatarsu. Man fulorin ya fi ruwa nauyi, don haka ɗigon kan taru a sama kamar farin kumfa. Na taɓa zuƙe wannan kumfar na zubar, aikin mako guda!

A 2022 kamfanin 3M ya sanar zai daina samar da ire-iren waɗannan mayukan zuwa ƙarshen 2025, don haka ki gwada madadinsu.