Shigar 'yan mod na Ingila: kwat, aski da Vespa, ta ina zan fara?

Tambaya: Salam malam. Ina yawan cin karo da tsofaffin hotunan wasu samarin Ingila wai 'yan mod, sun sha kwat ɗamamme suna kan Vespa, wallahi wankan ya tafi dani. Su waye su? Kuma ni da nake Kano, ga zafi ga gashina ba irin na Turawa ba, zan iya wannan gayun ko dole sai na sayi riguna irin su Fred Perry masu tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Zaka iya, kuma telanka ya fi kanti muhimmanci a wannan harkar, amma bari in fara da su waye su don ka gane dalili.

Abin ya fara ne a Landan ƙarshen shekarun 1950, musamman unguwar Soho. Yara ne 'ya'yan talakawa da masu matsakaicin ƙarfi, wasu masinjoji a ofis, wasu yaran kanti, wasu ma 'ya'yan teloli ne. Lokacin tattalin arziki ya fara farfaɗowa bayan yaƙin duniya na biyu, aiki ya samu, ga sayen kaya bashi ana biya kaɗan kaɗan, sannan a 1960 aka daina ɗibar matasa aikin soja na dole, toh sai ga saurayi ɗan shekara 17 da kuɗi a aljihu kuma ba mata ba 'ya'ya. Ina kuɗin zai tafi? Wurin tela da wurin mai aski da sayen faifan kiɗa. Sun raina kwat ɗin iyayensu mai faɗi kamar buhu, suka koma kwaikwayon ɗinkin Italiya, askin Faransa, da rigunan ɗaliban jami'o'in Amurka. Kiɗansu kuwa na baƙaƙen fata ne, jaz da farko, daga baya soul, da kuma ska na Jamaika. Titin Carnaby ya zama kasuwarsu bayan John Stephen ya buɗe shagonsa a can a 1957.

Abokan adawarsu su ne 'yan rocker, masu rigar fata da manyan babura irin Triumph da Norton, gashi ya sha mai. A 1964 ɓangarorin biyu suka gwabza a bakin teku a Clacton, Margate da Brighton, jaridu suka zuzuta abin fiye da yadda yake, daga nan duk Ingila ta san sunansu.

Yanzu kan kayan. Abin da yake burge ka a hoton nan, ko baka lura ba, awo ne. Kwat ɗin mod maɓalli uku gareshi, kwalarsa siririya, kafaɗa daidai kafaɗar mai shi ba a cusa mata soso ta kumbura ba, a ɗan matse ƙugu, tsaga biyu a baya ta gefe da gefe, kuma ya fi kwat na manya gajarta kaɗan. Yaran nan har musu suke akan tsawon tsaga inci nawa ne, wai wannan watan biyar ake yayi wata mai zuwa bakwai, abin har ya so ya zama cuta. In kaje wurin tela kace masa kwala kar ta wuce inci 2 da rabi, hannun kwat ya tsaya inda rigar ciki zata leƙo kamar rabin inci, wando ba tattara a gaba, ƙafa kamar inci 14 zuwa 15 gwargwadon jikinka, tsawonsa ya taɓa saman takalmi kawai kar ya taru a ƙasa yana sharar hanya. Kuma ka dage sai an gwada maka kafin a gama ɗinki, domin yawancin telolinmu hannunsu ya saba da kaftani da babbar riga inda sakewa ita ce ado, in baka tsaya akai ba zasu ƙara maka inci biyu ko ina suce ai don ka sake. In ka saka, maɓallin ƙasa a buɗe ake barinsa.

Yadi kuma, su mohair suka fi so, mai ɗan sheƙi da yake sauya launi in haske ya buga. A zafin watan Afrilu na Kano kar ka wahalar da kanka, nemi yadi mara nauyi, kace a rage shafi na ciki. Ko ma ka bar kwat ɗin sai ranar biki, domin shigarsu ta yau da kullum ta fi dacewa da mu: riga polo mai layi biyu a bakin kwala wadda aka ɓalle har wuya, ko shat mai maɓalli a kan kwala irin ta Ben Sherman, kamfanin da aka kafa a Brighton a 1963, da siririn wando da ya sha guga. Fred Perry ɗin da kake tsoron kuɗinsa asali rigar wasan tanis ce ta 1952, yaran ne suka ɗauke ta suka kai gidan rawa. Ni a ganina polo mara tambari da ta zauna maka daidai ta fi jabun Fred Perry da kwalarsa ke nannaɗewa bayan wanki biyu. Gwanjo ma akwai na kirki in kana da haƙurin tono, ka duba kafaɗa kawai, sauran tela zai gyara.

Batun gashi, nan ne mutane ke rikicewa. Askin da aka fi sani, gajere a gefe, gaba ya ɗan sauko kan goshi, wasu su taje tsakiyar kai baya ya ɗan tashi, wannan na masu gashi mai santsi ne, kar ka je ka zuba wa kanka man miƙar da gashi saboda shi, kai zaka ƙona a banza. Samarin Jamaika da ke zaune a Landan lokacin, da ake kira rude boy, gidajen rawa ɗaya suke shiga da 'yan mod, kuma Turawan ne ma suka riƙa kwaikwayonsu, gajeren wando da ke nuna safa, ƙaramar hular malafa, tabarau, da aski ƙasa ƙasa. Don haka naka askin yana cikin tarihin tun asali. Kace wa mai aski yayi maka saisaye lamba ɗaya ko biyu daidai ko ina, ya gyara gaban goshi ba tare da ya ci shi ya koma baya ba, in kana so ya ja maka siririn layi ɗaya a gefen hagu da reza. Banda zane zane. Duk sati biyu ka koma. Daga wannan gajeren askin ne ma 'yan skinhead, wato samari masu aske kai ƙasa ƙasa, suka fito wajen 1969, na farkonsu masoya rege ne, sai daga baya masu wariyar launin fata suka shiga suka ɓata sunan.

Takalmi, sau ciki siriri mara igiya, ko desert boot na Clarks da ya fito a 1950, wanda ƙura bata cika nuna kanta a jikinsa ba, shi ya sa nake ganin ya dace da hanyoyinmu.

Doguwar rigar nan koriya mai hula da kake gani a hotunan, parka, ta sojan Amurka ce da suke saye da araha don kare kwat daga ruwan sama da taɓo in suna kan babur, ta ƙara shahara da aka farfaɗo da yayin a 1979 lokacin su mawaƙi Paul Weller. Mu nan in ba tsakiyar hunturu ba ban ga ranar da zaka saka ta ba, jaket gajere irin Harrington ya ishe ka sanyin safiya. Vespa kam baka buƙatar bayani, ka tambayi dattawan unguwarku wanda ya hau ta zamanin yana ma'aikaci, wataƙila ma akwai wata jingine a zaure tana jiran bakanike. In ka same ta, madubai da fitilu goma sha da wasunsu ke jerawa a gaba ba dole bane, biyu sun isa.