Shin Maganaɗisu Yana Taɓa Saƙon Kalsiyam a Ƙwayoyin Halitta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun kimiyyar halittu. An koya mana cewa ƙwayoyin halitta suna isar da saƙo da sinadarin kalsiyam, sai kuma na ji ana cewa maganaɗisu yana iya dagula wannan saƙo. Shin haka ne, kuma ta wace hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yana iyawa, amma ba ta hanyar da mutane suka fi zato ba, domin maganaɗisu ba ya jan kalsiyam yadda yake jan ƙarfe.

Kalsiyam da ke cikin ruwan da ya kewaye ƙwayar halitta ya ninka wanda ke yawo a cikinta fiye da sau 10,000, don haka fatar ƙwayar tamkar madatsar ruwa take, mai ƙananan ƙofofi a rufe. Da zarar sun buɗe sai kalsiyam ya kwararo ciki, tsoka ta motsa ko jijiya ta miƙa saƙo, sannan ƙwayar ta yi maza ta fitar da shi. Tun a 1883 likitan Ingila Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da babu kalsiyam a cikinsa. Wasu daga cikin ƙofofin nan sauyin lantarki ne ke buɗe su, wasu zafi, wasu kuma matsi, kuma sai maganaɗisu ya haifar da ɗaya daga cikin waɗannan kafin tasirinsa ya tabbata.

Hanyar da babu jayayya a kanta ita ce ta lantarki. Michael Faraday ya nuna a 1831 cewa ƙarfin maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da lantarki, kuma a 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka gwada hakan a kan ƙwaƙwalwar mutum. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kai, a saki bugu mai ƙarfin kusan tesla 1 zuwa 2 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) wanda bai kai ƙiftawar ido ba, sai a ga yatsun mutumin sun zabura ba da nufinsa ba, saboda jijiyoyi sun tashi, ƙofofin kalsiyam sun buɗe. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan dabara wajen maganin ciwon damuwa.

Akwai kuma hanyar zafi. A 2010 ƙungiyar masu bincike ta Arnd Pralle a Buffalo ta Amurka ta manna ƙananan ɓurɓushin maganaɗisu a fatar ƙwayoyi masu ƙofar TRPV1, wato ƙofar da yajin barkono ke buɗewa, wadda kuma take buɗewa idan zafi ya kai kusan digiri 43 a ma'aunin Celsius. Da maganaɗisu mai saurin sauyawa ya ɗumama ɓurɓushin, sai kalsiyam ya shiga. Masu bincike kan ga shigarsa da idonsu ta madubin ƙara girma, domin suna sa wani rini da ke ƙara haske idan ya haɗu da shi.

Inda ake taƙaddama shi ne maganaɗisu mai rauni, irin na duniya da bai wuce maikirotesla 25 zuwa 65 ba (maikirotesla kashi ɗaya ne cikin miliyan na tesla), ko na wayoyin wutar lantarki. A 1985 Abraham Liboff ya kawo ra'ayin cewa irin wannan ƙarfi zai iya motsa kalsiyam idan saurin sauyawarsa ya dace da nauyi da cajin lantarkin sinadarin, amma a 1991 Robert Adair na Jami'ar Yale ya yi lissafi ya nuna cewa kai-komon da ɗumin jiki kaɗai ke jawo wa sinadarai ya fi ƙarfin wannan tasiri nesa ba kusa ba. A ganina hujjar Adair ta fi nauyi, musamman da yake sakamakon gwaje-gwajen yakan saɓa daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan.

Idan kin ci karo da rahoton irin wannan gwaji, ki duba ko an auna zafin ƙwayoyin, kuma ko an kwatanta su da wasu da aka ajiye a cikin na'ura iri ɗaya ba tare da maganaɗisu ba, domin wayar da wuta ke bi don samar da maganaɗisun takan ɗumama har ta yi rawa, kuma kowanne daga cikin biyun zai iya buɗe ƙofar kalsiyam.