Zan iya yin jita da iccen dogonyaron da mahaifina ya shuka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Marigayi mahaifinmu ya shuka dogonyaro a ƙofar gidanmu a unguwar Mabera da ke Sakkwato tun ba a haife ni ba, kuma shi ya fara koya mini kaɗa jita a inuwarsa. Daminar bana iska ta kayar da iccen. Ina so a yi jita da shi don tunawa da Baba. Zai yiwu? Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Zai yiwu, kuma ka yi sa'ar icce, domin dogonyaro dangi ɗaya ne da maɗaci, maɗaci kuwa na cikin irin katakon da kamfanonin jita na Amurka da Turai suke saya daga Afirka don yin wuya da baya. Zuciyar dogonyaro ja ce, tana da ƙarfi, gara ba ta cika damun ta ba. Amma kada ka kai wa kafinta shi a bana.

Abin da ke kashe jita a Sakkwato ba rashin iya aiki ba ne, ɗanyen katako ne. Iccen da ya faɗi da damina cike yake da ruwa. A yanka shi yanzu, kada a bar gungumen kwance a rana, zai tsage daga ciki. Ka tsaya kan mai zarto ya fara raba gungumen gida huɗu a tsaye, sannan ya fitar da alluna daga kowane kashi, yadda layukan jikin iccen za su tsaya a miƙe idan ka dubi bakin allon. Wannan yankan yana ɓata katako da yawa, mai zarto zai yi ƙorafi, amma irin allon nan ne ba ya murɗewa. A yar da farin ɓangaren da ke bin ɓawo, shi ƙwaro ke ci. Ka shafe bakunan allunan da kakin zuma ko fenti mai kauri, ka jera su a ɗaki mai inuwa da iska, da 'yan sanduna tsakanin kowane biyu, ka ɗora nauyi a sama. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce shekara guda ga kowane kauri na santimita 2.5. Iskar nan tamu takan gaggauta bushewa, amma ni dai ina so katako ya ga hunturu biyu da damina guda kafin a taɓa shi. Gaggawar bushewar ma ita ce haɗarin.

Lokacin haɗawa ma a kula da shi. Jitar da aka manna a watan Agusta, iska na jiƙe, za ta tsuke idan hunturu ya kama, fuskarta ta dare. Wadda aka haɗa a tsakiyar bazara kuma takan kumbura da damina. Ka nufi ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi ƙarfi ba.

Sai zancen da na san zai ɗan yi maka nauyi: ba lallai jitar duka ta fito daga iccen Baba ba. Baya da gefe da wuya, dogonyaro ya isa. Fuska kuwa, inda sauti ke fita, tana son katako marar nauyi da zai yi rawa da tsirkiya, kaurinsa bai wuce milimita 2.5 zuwa 3 ba. Dogonyaro ya yi nauyi a nan, muryar za ta fito a shaƙe. Ka nemi maɗaci mai sauƙin nauyi da miƙaƙƙen jiki, ko malaina da ta bushe sosai. Ka riƙe allon da yatsu biyu kusa da kunnenka, ka ƙwanƙwasa. Wanda ya yi amo mai tsawo shi ne naka. Allon da yatsu ke dannawa da jakin da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai suna son icce mai tauri, ƙirya ko kanya. Madobiya ta fi su kyau, amma an sare ta har ta yi ƙaranci, tun 2017 aka sa takunkumi a kan cinikinta tsakanin ƙasashe, don haka ban da sabon yanka. In an samu tsohon turmi ko ƙyauren da aka yi da ita, to.

A karon farko ka zaɓi tsirkiyar roba. Shida ɗin tare suna jan kusan kilo 40, na ƙarfe kuwa sukan kai kilo 70, sai an sa sandar ƙarfe a cikin wuya. Tsawon tsirkiya milimita 650 ne. Cikin ƙananan ƙarafan da ake jerawa a gicciye a kan wuya, na farko yana zama a milimita 36.5 daga inda tsirkiya ta fara a saman wuya, na 12 kuma daidai tsakiya, a 325. Kuskuren milimita ɗaya a nan kunne zai ji shi har abada, saboda haka a auna da rula ta ƙarfe, ba tef ɗin tela ba. Gefen jita ana fere shi ya koma milimita 2, a jiƙa shi, a lanƙwasa a kan bututun ƙarfe mai zafi a hankali. Dogonyaro jikinsa a sarƙe yake, yakan karye in an matsa, don haka a tanadi alluna fiye da buƙata, a fara gwaji da marasa kyau.

Ƙarafan wuya da na ɗaure tsirkiya sai ka cire daga tsohuwar jita ko ka yi oda. Ƙashin da tsirkiya ke hawa a kai kuwa ƙashin ƙafar saniya ne, mahauta za su ba ka. A tafasa shi, maiƙon ya fita, a shanya. Maratayi kuma dukawan garin nan za su ɗinka maka da fatar jar akuya. Sunan Baba da shekarar da ya rasu, ka rubuta su da fensir a cikin fuskar jitar kafin a rufe, da kuma a takardar da ake mannawa daidai ramin sauti. Kafintan da za ka ba aikin, ka nemi wanda ya saba da ƙananan ayyuka masu awo, ka kai masa tsohuwar jita ya buɗe ya ga yadda sandunan ciki suke.